Dattin Masana'antun Jima: Yadda Ake Mai Da Guba Abin Amfani

'Yan'uwa, duk ranar kasuwa muna ganin dillalai suna tara fatun awaki da tumaki da ƙiraga a Kasuwar Daji, Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Yawancinsu masana'antun Kano za a kai su, a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Samarinmu da ke zuwa cin rani su ma sukan sami aiki a can. Saboda haka abin da ke faruwa a waɗannan wurare ya shafe mu.

Bagaruwa da kuromiyam

Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima. Aikin yakan ci kwanaki, amma ruwan da ya rage na tsiro ne. Masana'antu kuwa suna amfani da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam. A 1884 wani mutum a Amurka, Augustus Schultz, ya yi rajistar wannan dabara, yanzu kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na fatun duniya da ita ake jeme su. Jimar tana ƙarewa cikin kwana guda, fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya, ba ta tsoron ruwa ko zafi.

Ina matsalar take?

Fata ba ta shanye maganin duka. Wajen kashi ɗaya cikin uku yakan rage a ruwan jima. Shekara da shekaru ana samun irin wannan ruwa a kogin Challawa da rafin Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan alayyafo, latas da tumatir. Ga kuma ɓurɓushin da ake kankarewa daga bayan fata, wanda ake jibgewa a juji.

Kuromiyam ɗin jima ba shi ne mafi muni ba. Amma idan an ƙona ɓurɓushin, zafin wuta yakan juya wani sashe nasa ya koma iri mai tsananin guba, mai kawo gyambo a fata da hanci, da ciwon ƙoda, da sankarar huhu. Mu mutanen Zamfara mun san ɓarnar ƙarfe mai guba. A 2010 dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya gan ta da ido a cikin ƙura.

Yadda ake kwato maganin

Dabarar ta yi kama da yadda mata ke barin gasara ta kwanta a gindin roba.

1. A tara ruwan jima a tanki nasa daban, kada ya gauraya da sauran ruwan wanki.
2. A tace gashi da guntayen fata.
3. A zuba farin garin magniziyam, a dama sosai.
4. A bar shi ya kwana. Kuromiyam zai kwanta a ƙasa kamar koren taɓo.
5. A tsiyaye ruwan sama, a narka taɓon da asid irin na ruwan batir.

Abin da ya fito maganin jima ne, a mayar da shi kan sababbin fatu. Ta haka ana kwato fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da dā zai tafi rafi. Mai masana'anta ya rage sayen magani daga ƙasashen waje, manomi kuma ya sami ruwa mai sauƙin datti. A Indiya masana'antu da yawa sun kama wannan hanya, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 1996 a kan majeman jihar Tamil Nadu.

Ɓurɓushin ma ba abin yasarwa ba ne. Idan an dafa shi da sinadari a masana'anta, fatar takan narke a sami gam, kuromiyam kuma ya ware. Daga shi ake yin koren launi na fenti da na tangaran. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya mai bincike da koyar da aikin fata, inda matasanmu za su iya neman wannan ilimi.

Mu fa, me za mu yi?

Wannan ba aikin gida ba ne, domin asid yana ƙona jiki. Amma akwai abin da ke hannunmu:

• Kada mu hura wuta ko mu babbake ganda da guntayen fatar masana'anta.
• Kada mu ba kaji ko kifi ɓurɓushin fata, ko mu zuba taɓon masana'anta a gona a matsayin taki.
• Kada mu sayi ganda mai shuɗi-shuɗi ko warin magani, komai arharta.
• Kada mu zuba ruwan sha a duron da aka taɓa sa sinadari.
• Mai aiki a masana'anta ya nemi safar hannu da takalmin roba, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

A taron zumuntar mata ko na matasa, mu tambayi juna: Daga ina gandar da muke saye take fitowa? Wa ke cikinmu da ya taɓa aiki a masana'antar jima, me ya gani? Itatuwan bagaruwa nawa suka rage a ƙauyenmu, kuma wa zai dasa sababbi a daminar bana?