Magarya da Kurna: Zuri'a Ɗaya Daga Kano Har Ƙasar Sin

Da zarar hunturu ya kankama, sai masu talla su fito da magarya da kurna a faranti a bakin Titin Ibrahim Taiwo, musamman wajen Kantin Kwari a Fagge. Jama'a na saye suna tsotsa, amma ba kowa ya san cewa itatuwan nan biyu 'yan gida ɗaya ba ne.

Masana tsirrai sun haɗa su a zuri'ar Ziziphus, cikin babban dangin Rhamnaceae. A shekarar 1753, Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya cusa su cikin zuri'ar Rhamnus, amma shekara guda bayan haka Philip Miller na Ingila ya ware musu tasu. Daga baya Bafaranshe Lamarck ya raɗa wa magarya suna Ziziphus mauritiana a 1789, kurna kuwa ita ce Ziziphus spina-christi.

Shaidar zumuncin tana jikin reshe. Ƙayarsu bibbiyu take fitowa, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, ita ce mai kama riga. Ganyen yana da manyan jijiyoyi uku da suka taso daga gindinsa, furen ƙanana ne masu ruwan ɗorawa-ɗorawa, ɗan itacen kuma da ƙwallo mai tauri a ciki. Bambancin ma a ganye yake: bayan na magarya fari ne mai gashi-gashi, na kurna kuwa kore ne mai santsi. Kurna ta fi girma da inuwa. Akwai ta uku a dajinmu, magaryar kura, mai ɗaci.

Zuri'ar ta kai har ƙasashen sanyi. A arewacin Sin ana noman Ziziphus jujuba tun dubban shekaru. Takan zubar da ganye lokacin ƙanƙara, 'ya'yanta manya ne jajaye, ana busar da su kamar dabino.

A Nijar, cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa dabarar aurar da irin magaryar Indiya a kan gindin ta gida, inda ake samun 'ya'ya masu girma da tsoka.

A wurinmu ganyen magarya na shiga wankan gawa da magungunan gargajiya, awaki na kiwo da shi, ƙayar kuma ta zama shingen gona. Don haka manomi ya daina sare ta don itacen girki. Ya bar ta a gona, ya nemi malaman gona su koya masa auren iri.