Kisan Kiyashin Myall Creek Da Shari'ar Da Ta Biyo Baya

Tun da Turawan Birtaniya suka sauka Sidni a shekarar 1788, sun ɗauki Ostireliya tamkar ƙasar da ba ta da mai ita, alhali Aborijin, 'yan asalin ƙasar, sun shafe dubban shekaru a cikinta. A ƙarni na 19 masu kiwon tumaki da shanu suka riƙa kutsawa cikin ƙasar suna mamaye makiyaya da mashaya. Naman dajin da Aborijin ke farauta ya yi ƙaranci. In yunwa ta sa suka soke saniya da mashi, sai Turawa su hau dawaki su bi su da bindiga, ba a tambayar wanda ya yi laifin.

A ranar 10 ga Yunin 1838, mahaya goma sha biyu ƙarƙashin jagorancin John Fleming suka dira gonar kiwo ta Myall Creek, a arewacin New South Wales. Can suka tarar da mutanen Wirrayaraay, wata al'ummar Aborijin, da suka zo neman mafaka, galibi mata da yara da tsofaffi. Suka ɗaure su da igiya guda, suka ja su bayan gona, suka kashe aƙalla mutum 28, daga baya suka dawo suka ƙona gawarwakin.

Mai kula da gonar, William Hobbs, shi ya kai rahoto, Gwamna George Gipps kuma ya sa aka yi bincike. Fleming ya sulale, aka gurfanar da sauran goma sha ɗaya. Doka ba ta karɓar shaidar Aborijin a lokacin, don haka shari'ar ta rataya a kan bakin George Anderson, wani Bature ma'aikacin gonar. A zaman farko aka wanke su cikin 'yan mintoci. Babban lauyan gwamnati, John Plunkett, bai haƙura ba, ya sake shigar da ƙara. Aka samu bakwai da laifi, aka rataye su ranar 18 ga Disamba.

Hukuncin ya harzuƙa Turawa masu kiwo, amma bai hana kashe-kashen ba. An ci gaba da su a ɓoye, wani lokaci ta hanyar zuba guba a garin alkamar da ake bai wa Aborijin. A shekarar 2000 aka kafa dutsen tunawa a Myall Creek, inda zuriyar waɗanda aka kashe da ta makasan ke haɗuwa duk watan Yuni.