Tafinta Tsakanin Kwamfuta da Tarho

A ƙarshen shekarun 1990, mai kwamfuta a Tudun Wadar Kano ba ya shiga intanet sai ya tanadi abu uku: layin tarho na NITEL, da na'urar modem, da lambar kamfanin da zai sada shi. Kwamfuta da 0 da 1 take aiki, wayar tarho kuwa sauti take ɗauka. Modem ce tafinta: tana mai da lambobi sauti, takwararta a can ta komar da su lambobi. Saurinta bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin ana ciki, mai kiran gidan ba ya samu. Bayan zuwan GSM a 2001 layukan suka yi ta mutuwa. Yau ko tsohuwar kwamfutar ta tashi, layin da za ta buga ne babu.