Tayar babur da binciken shekara

Zancenmu na yau a kan tayar babur ne.

Hanyar Madawa zuwa Buza da Keita akwai duwatsu, tana cin taya. Shi ya sa wasu ke sa taya mai faɗi ko mai manyan haƙora. To, in an kai babur ɗin bincike, wato bizit, zai wuce?

Sauya taya kaɗai ba ya kayar da babur. Abin dubawa shi ne ko ta dace da ƙafar, kuma ko tana da lafiya.

Ga inda karatu zai yi muku rana. Ku duba gefen taya, za ku ga lamba kamar 2.75-17. Ta farko faɗin taya ce. Ta biyu, 17, girman ƙarfen ƙafa ne. Taya mai 18 ba ta zama a kan ƙarfe mai 17. In kuma faɗin ya yi yawa, sai ta riƙa gugar sarƙa.

Abin da ya fi muni shi ne a sake yanka wa suɗaɗɗiyar taya zane da wuƙa. Ido ya ga sabuwa, alhali roba ta ƙare, tana iya fashewa da kaya a gangare. A Ingila, inda ake duba babur kowace shekara in ya kai shekara 3, irin wannan taya ba ta wucewa. Zurfin zanen kuma sai ya kai milimita 1.

Kafin ku biya kuɗi, ku karanta lambar da kanku.