Ashe Muryar Tsohuwa Ce A Bakin Goku

Uwargida, in dai kina da yaro mai ɗaukar miki waya, da wuya a ce ba ki taɓa jin ihun Goku ko na Naruto yana tashi daga uwar ɗaki ba. Idan da harshen Japananci yake kallo, ana rubuta fassara a ƙasa, to ki sani wannan ihun ba na yaro ba ne. Mai yin muryar Goku wata baiwar Allah ce, Masako Nozawa, haifaffiyar 1936. Tun da aka fara nuna Dragon Ball a 1986 take riƙe da muryar, kuma da aka fitar da Dragon Ball Daima a 2024, tana daf da cika shekara 88, ita ɗin ce dai. Naruto ma mace ce, Junko Takeuchi, tun 2002. Haka Luffy na One Piece, Mayumi Tanaka ke yin sa tun 1999.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk uwar da ta raini ɗa namiji. Da yaro ya fara balaga murya ta buɗe, shi ke nan, alhali shirin zai yi shekara ashirin ana yi, yaron cikin zanen bai ƙara ko taƙi ɗaya ba. Muryar mace kuwa tana nan.

A Japan wannan sana'a ce mai zaman kanta, seiyu suke ce wa masu yin ta, da makarantun koyonta, har da kyautar shekara-shekara da aka fara a 2007. Bisa al'ada tare ake ɗaukar muryoyin. Kowa na tsaye riƙe da takardarsa yana duban allo, in layinsa ya zo ya matso gaban makirfo, ya faɗa, ya ja baya. A irin wannan tsayuwa Nozawa ke yin Goku da 'ya'yansa biyu, Gohan da Goten, su ukun suna hira da juna, mai sauraro kuma ba ya rikita uba da ɗa. Akwai masu cewa muryar ta fara nuna shekaru. Gaskiya ne, ta ɗan yi nauyi, sai dai har yanzu ban ji wanda ya iya wannan sakarcin na Goku, na mutumin da bai san ƙeta ba, kamar ita.

Inda aka fi tafka gardama shi ne Doraemon, wannan shuɗin muzuru na inji marar kunne. Nobuyo Oyama ta yi muryarsa shekara 26, daga 1979 zuwa 2005, murya mai kauri da ɗan dishi-dishi, irin ta kaka tana lallashin jika. A 2005 aka sauya manyan masu muryar shirin gaba ɗaya, aka ba Wasabi Mizuta, mai siririyar murya da sauri. Iyayen da suka tashi da tsohuwar suka ce atafau wannan ba Doraemon ba ne. A ganina an yi gaggawar yanke mata hukunci. Duk wadda ta shiga gidan da aka saba da girkin wata ta san ba gishirinta ake auna wa ba, sabo ne ke magana. Mizuta ba ta kwaikwayi Oyama ba, ta yi nata, Doraemon ɗinta ya fi kama da abokin wasa fiye da mai raino. In kin saurari na farkon da na bayan nan za ki ji yadda muryar ta zauna, ta rage tsini. Yau ta haura shekara 20 a kai, yaran da aka haifa bayan 2005 kuwa ita suka sani.

Wanda ya fi ba ni mamaki a cikinsu Subaru Kimura ne. Yana ɗan shekara 14, ɗan makaranta, aka ba shi Gian, ƙaton yaron nan mai cin zali da mugunyar waƙa. A gaban makirfo ya girma. Ya yi Todo a Jujutsu Kaisen a 2020, sannan Sakuragi a fim ɗin The First Slam Dunk na 2022. A nan zan ja kunnenki, 'yar uwa: don mai murya ɗaya ne ba ya nufin abin kallon ɗaya ne. Jujutsu Kaisen cike yake da jini da dodanni, ba na ɗan firamare ba ne ko kusa, ko da ya rantse miki katun ne.

Ita kuwa Oyama, a 2015 mijinta Keisuke Sagawa ya sanar da duniya cewa ciwon mantuwa ya kama ta. Shi ya yi ta jinyarta, ya riga ta rasuwa a 2017. Ta rasu a watan Satumba na 2024 tana da shekara 90, wata biyu da ɗoriya bayan Noriko Ohara, wadda ta yi muryar Nobita a gefenta duk tsawon shekarun nan 26.