Kwalliyar kek: Ƙaron gidanmu ya fi tsinken sakace

Yau hirar tamu ta kek ce, amma daga ɗakin jinya zan ɗauko ta.

Wani dare ina bakin aiki, wata mata ta shigo a ruɗe, ɗauke da yarinyarta 'yar shekara uku, yawu da jini suna zuba daga bakinta. Daga walimar saukar yayan yarinyar suke, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. An yanka kek, ta ɗauki furen sukarin da ke samansa ta jefa a baki, ashe da guntun tsinken sakace aka kafe shi. Tsinken ya soke ta a dasashi. Muka ciro shi, Allah ya taƙaita. Da ta haɗiye shi, da sai an wuce da ita Kano cikin daren, domin tsinke yana iya huda hanji.

Wadda ta yi kek ɗin ba muguwa ba ce. Budurwa ce mai neman na kanta, a waya ta koyi sana'ar. A bidiyon da ta kalla an nuna ana liƙa fure da wani farin gari mai suna Tylose. Shi kuwa sai an hau mota, an wuce Bichi da Dawanau, an shiga Kano kafin a same shi, kuɗin motar ya fi kuɗin garin. Sai ta yi dabara da abin da ke kusa da ita.

To, uwargida, ko ke ce mai yin kek, ko saye kike yi ranar suna, biki ko walima, ki riƙe wannan: duk abin da ya hau kan kek, cikin yaro zai shiga. Babba yana ware kwalliya gefe, yaro kuwa ita yake fara kai wa hannu. Saboda haka gam ɗin da aka liƙa kwalliyar da shi dole ya zama abin ci. Abin daɗi, muna da shi a gida tun kaka da kakanni.

Ƙaro, abin da muka raina

Ƙaron nan da masu wankin hula suke ƙandara hula da shi, wanda malamai ke zubawa a tawadar allo don ta kama, shi ne gam ɗin da masu yin alewa a Turai suka daɗe suna aiki da shi. Daga jikin itacen dakwara yake fitowa. Da rani ake tsaga ɓawon, danƙon ya tsattsafo, ya daskare, a bi a tsince. Sudan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, Chadi da Najeriya suna biye, mu a nan ya fi yawa a Borno, Yobe da Jigawa. Idan kin duba bayan ledar wata alewa ko kwalbar lemo kika ga an rubuta E414, to ƙaro ne. Ana loda shi a buhu a fitar waje, ya dawo mana cikin alewa da tsada.

Yadda za ki haɗa

Ki je wajen masu kayan ƙamshi da na gargajiya, a kasuwar garinku ko Kasuwar Kurmi idan kin shiga Kano, ki ce ƙaron ci kike so. Ki zaɓi mai haske, fari ko ruwan zuma, marar ɓawo da ƙasa. Baƙi-baƙin nan ki bar wa masu hula, yana da ɗaci kuma zai ɓata launin kwalliyarki.

Ki goge shi da tsabtataccen ƙyalle, ki daka a busasshen turmi, ki tankaɗe. Kada turmin ya zama na yaji, in ba haka ba kek ɗinki zai yi ƙamshin daddawa.

Ki tafasa ruwa, ki bari ya ɗan huce. A ƙaramar kwalba mai murfi wadda kika wanke da ruwan zafi, ki zuba garin ƙaro cokalin shayi 1, ruwa cokalin shayi 3. Ki juya, ki rufe, ki bar shi ya kwana. Ko ya yi gudaji kada ki damu, kafin safe zai narke.

Da safe ki tace da farin ƙyalle mai tsabta. Sannan ki tsoma kwalbar a tukunyar ruwa mai tafasa a hankali na kamar minti 10, domin ƙaron ya sha hannu da ƙurar kasuwa kafin ya iso gare ki. Idan ya huce, kaurinsa ya zama kamar na siraf ɗin tari. In ya yi kauri da yawa ki ɗiga tafasasshen ruwa.

Wajen liƙawa, ki ware sabon ƙaramin burushi wanda bai taɓa fenti ko kwalliyar fuska ba. Kaɗan za ki shafa, ki jira ya fara danƙo, ki ɗora furen, ki riƙe shi kamar rabin minti. Yawan gam ba ya ƙara ƙarfi, narkar da fondan yake yi, furen ya zame. Da hunturu yana bushewa nan da nan. Da damina kuwa sai kin ba shi lokaci, gara ki yi kwalliyar tun jajibiri.

A firji zai yi mako ɗaya. Idan wuta ba ta zama a wajenku, ki haɗa daidai aikin ranar, ragowar ki zubar bayan kwana 2. Da kin ji tsami ko kin ga ya canza launi, ya tashi daga aiki.

Idan babu ƙaro

Ki gutsuri fondan ɗin da kike aiki da shi kamar girman gyaɗa, ki ɗiga masa ruwan zafi, ki murza da cokali har ya zama kamar koko. Wannan ya isa ƙananan taurari da haruffa. Idan kuma kin samu Tylose, wanda wasu ke rubutawa CMC, kwatan cokalin shayi a ruwan ɗumi babban cokali 2 ya isa, shi ma ya kwana. Fure mai nauyi kuwa, narkakkiyar cakulan ta fi riƙe shi.

Abin da ba ya hawa kek

Gam ɗin takarda da sufa gulu, ko a bayan fure ne. Tsinke, allura da waya. Ɗanyen farin ƙwai, wanda wasu ke kaɗawa da sukari don yana kamawa sosai: yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella mai sa amai da gudawa, kuma ƙananan yara, masu ciki da tsofaffi ta fi kayarwa. Sai zuma: yaron da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma ko ɗigo, domin tana iya jawo masa wata cuta mai kashe jiki har numfashi ya gagara. A taro kuwa ba ki san wa zai lasa wa jaririnki aisin ba.

Idan saye kika yi, ki tambayi mai kek ɗin kai tsaye: da me aka liƙa furannin, kuma akwai tsinke a ciki? Kek mai hawa biyu ko uku dole a sa masa sanduna su tallafe shi. Ta gaya miki guda nawa ne, ki cire su ki ƙirga kafin wuƙa ta taɓa shi.

In kuma tsautsayi ya gitta yaro ya haɗiye tsinke, kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kada ki ɗura masa tuwo ko burodi wai ya tura shi. Ki kai shi asibiti nan take, ko da yana wasansa.

Ita budurwar nan, washegari ta zo dubiya tana kuka. Na rubuta mata wannan haɗin a bayan takarda. Yanzu haka tana nan tana sana'arta, kwalbar ƙaronta a gefen tire. Ke ma ki gwada a ƙaramin kek na gida tukuna, ki rubuto mana yadda ya kama miki.