Gurasar Napoli: Wani Dare A Bakin Tanderun Fiza

Idan mutum ya bi ta Osu ko East Legon a nan Ankara da daddare, zai ga gidajen sayar da fiza cike da samari da 'yan mata, kowa ya ci ado kai ka ce biki ake yi. Mu mutanen Zango galibi daga nesa muke hange, wasu na cewa abincin masu kuɗi ne, wasu kuma na tsoron kada a ba su alade ba su sani ba. Ni ma haka na ɗauke ta shekara da shekaru, har Allah Ya sa na kai ziyara Italiya wurin ɗan ƙanwata, shi kuwa ya rantse ba zan bar ƙasar ba sai na ci fiza a garin da aka haife ta, watau Napoli. Masu son ƙwallo sun san sunan, don a can Maradona ya yi wasa daga 1984 zuwa 1991, a can ne kuma Victor Osimhen ya ci kofin ƙasar a 2023.

Bayan sallar magariba muka nufi tsohon gari, muka shiga wani dogon lungu mai suna Via dei Tribunali, inda gidajen fiza ke jere kamar rumfunan masu wake da shinkafa a Nima. Ba a shiga kai tsaye. Sai ka ba da sunanka a bakin ƙofa, ka koma titi ka tsaya cikin jama'a, babura na gogar rigarka, har a kira ka. Mun fi minti 40 a tsaye. Da muka shiga, ban ga wani ƙawa ba: tebura ƙanana a matse, hayaniya kamar tashar mota, ma'aikata da ɗalibai da tsofaffi duk a haɗe.

Abin da ya fara ɗauke mini hankali shi ne tanderun. An gina shi da bulo, sama a zagaye kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya, da ɗan ƙaramin baki. Wanda ya taɓa ganin yadda ake gasa gurasa a Kano zai gane dangantakar nan take, sai dai gurasa a jikin bangon tanderu ake manna ta, ita kuwa fiza a ƙasan tanderun ake shimfiɗa ta. Ana hura busasshen itace mai ƙarfi a gefe ɗaya, a ture garwashin can kusurwa, harshen wuta ya riƙa bin rufin yana lanƙwasowa. Zafin ciki yakan kai digiri 485 a ma'aunin Salshiyos. Don mai karatu ya kwatanta, ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yawancin murhun gashi na gida ba ya wuce 250. Saboda haka fiza ba ta wuce daƙiƙa 60 zuwa 90 a ciki. Na duba agogona don in gaskata, haka ɗin ne kuwa.

Mutum biyu ne ke aikin. Ɗaya yana buɗe curin kwaɓin fulawa da hannu kawai, ba muciya ba abin murji, yana tura iskar da ke ciki zuwa gefe don bakin ya kumbura. Ɗayan yana tsaye gaban wuta da wani abu kamar shebur mai doguwar ƙota, yana zura fiza, yana juya ta kada gefen da ke kallon wuta ya ƙone, wani lokaci ya ɗaga ta sama kusa da rufin na ɗan ƙiftawar ido. A ganina wannan na biyun ya fi shan wuya, kuma a hannunsa sirrin yake. Mutane kan ce ƙanshin hayaƙi ne ya sa fizar itace ta fi daɗi. Ni ban yarda ba, don minti ɗaya da rabi bai isa hayaƙi ya kama abinci ba. Tsananin zafin ne ke sa kwaɓin ya tashi ya nuna kafin ya bushe, sai ka samu waje ya gasu har da ɗigo-ɗigon baƙi, ciki kuwa laushi tuɓus.

To, da aka kawo takardar jerin abinci, sai na ɗora yatsa a kan wata mai suna Diavola, don an ce mini tana da yaji. Yaron nan ya kama hannuna ya ce, "Kawu, tsaya! Yajin nan a jikin naman alade yake." Nan ya shiga karanta mini kalmomin da ya ce duk Musulmin da ya shiga irin wannan gida ya haddace su. Maiale shi ne alade. Prosciutto, salame, salsiccia, pancetta da speck duk naman alade ne da aka sarrafa ta hanyoyi dabam-dabam, kuma Capricciosa, wadda ake yaba ta saboda kayan lambu, akwai prosciutto a cikinta. Akwai kuma wata kalma mai rikitarwa: a Italiya peperoni tattasai ne, amma pepperoni da ake rubutawa a gidajen fiza irin na Amurka wani nama ne da asalinsa ake haɗawa da alade. A nan gida wasu na yin sa da naman shanu zalla, wasu ba sa yi, don haka tambaya ba abin kunya ba ce.

Shi kwaɓin kansa, a ƙa'idar Napoli, abu huɗu ne kacal: fulawa, ruwa, gishiri da yis, a bar shi ya tashi aƙalla awa 8. Amma akwai wasu tsofaffin nau'o'i da ake sa wa kitsen alade, wanda suke kira strutto ko sugna, kuma soyayyar fiza da ake sayarwa a titi sau da yawa tana ɗauke da guntattakin alade a ciki. Sa'an nan tanderu ɗaya ne ake gasa ta kowa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, sai ya tuntuɓi malaminsa kafin ya je.

Muka zaɓi guda biyu waɗanda babu nama a kansu ko kaɗan. Marinara tumatir ce da tafarnuwa da man zaitun da wani busasshen ganye mai ƙanshi. Duk da sunanta yana nufin ta masu aikin teku, babu kifi a ciki. Margherita kuwa tumatir ce da farin cuku mai suna mozzarella da ganyen ɗoɗɗoya. Cukun ya tuna mini da wagashi, sai dai wagashi yana tsayawa da siffarsa a cikin mai, wannan kuwa narkewa yake yi yana jan zare. Ana ba da labari cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita wannan haɗi, ja da fari da kore kamar tutar Italiya, aka sa mata sunanta. Masana tarihi da dama suna shakkar labarin, kuma an san ana cin irin wannan haɗi kafin ziyarar sarauniyar.

Abin da babu shakka a kansa shi ne fiza abincin talakawan Napoli ce, 'yan dako da masunta da waɗanda ɗakinsu ba shi da wurin girki, suna saye a titi su ninke ta huɗu su ci a tsaye, kamar yadda muke yi da ƙosai. Daga baya ne girma ya zo. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar kare fizar Napoli ta asali, a 2010 Tarayyar Turai ta yi mata rajista a matsayin abincin gargajiya, a Disamban 2017 kuma UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Kowa tasa ake kawo masa, cike da faranti, ba a yanka ba. Na ce wa yaron, "Kai, wa zai iya cinye wannan?" Sai ga shi na tashi da ita tas. Tsakiyarta siririya ce mai ɗan ruwa-ruwa, idan ka ɗaga yanki sai ya lanƙwashe, dole ka ninke shi. Kada ka tsaya hira, minti biyar ta isa ta huce ta yi tauri. Maƙwabtanmu na shan giya, mu muka nemi ruwa, ba wanda ya kalle mu. Kuɗin kowace ɗaya bai kai Yuro 10 ba, sai wani ɗan ƙari da suke kira coperto, kuɗin zama a tebur, wanda na so in yi gardama a kansa kafin a fahimtar da ni cewa al'adar ƙasar ce.

Muna cikin ci na yaba daɗin tumatirin, sai na ga yaron ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, ka san na yi damina biyu ina tsinkar sa?" Ashe farkon zuwansa a gonakin yankin Foggia ya zauna, inda dubban 'yan Afirka, cikinsu har da 'yan Gana da yawa, ke cika manyan akwatuna masu cin kusan kilo 300, ana biyan su 'yan Yuro kaɗan a kan kowane akwati, 'yan kamashon da ake kira caporali kuma su cire kuɗin mota da na ruwa. Italiya ta yi dokar hukunta wannan cin zali a 2016, amma a Agustan 2018 ma'aikata 16 'yan Afirka suka mutu a haɗarin mota biyu cikin kwana uku a wannan yanki, suna dawowa daga gona. Yawancin tumatirin ana loda shi zuwa masana'antun gwangwani da ke kusa da Napoli. Na tuna da masana'antar tumatir ta Pwalugu a arewacin ƙasarmu, wadda aka gina a shekarun 1960 ta kuma daɗe da tsayawa, alhali kasuwanninmu cike suke da tumatirin gwangwani na waje.

Yanzu yaron ya samu takardu, yana aiki a wani gidan burodi, kuma ranar hutunsa yana zuwa koyon tsayuwa gaban wuta a wurin wani tsoho. Ya nuna mini bayan hannunsa, gashin wurin duk ya ƙone. Burinsa, in ji shi, ya dawo ya gina tanderu a Kumasi, ya riƙa ɗora tsire a kan fiza maimakon salame. Ya hana ni biyan kuɗin abincin, muka fito muka tarar layin bakin ƙofa ya fi na ɗazu tsawo.